Dogon hutu a Jos da ƙananan yara: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Dogon hutun makaranta a Jos yakan fara a ƙarshen Yuli ya kai cikin Satumba, daidai lokacin da damina ta kankama. Masu yara 'yan shekara biyu zuwa bakwai su suka fi jin jiki a wannan tsakanin. Yaro ya tashi da ƙarfinsa, waje ruwa, ɗaki ya yi masa kaɗan, aljihun uba kuma yana jiran kuɗin makarantar zango mai zuwa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin iyaye, da abin da nake gani a kan kowace.

Kusan kullum sai an yi ruwa. Wane lokaci za a iya fita da yara?

Da hantsi. Ruwan Jos ya fi saukowa daga bayan azahar zuwa dare, don haka wanda ya fita ƙarfe tara ko goma ya juyo gida kafin la'asar, yawanci yakan tsira da kayansa a bushe. A Agusta akwai ranakun da ake wuni ana yayyafi, rana ko leƙowa ba ta yi. Irin wannan rana a haƙura da fita, ba a yi asarar komai ba.

Garin yana bisa tudun da ya haura mita 1,200, ruwan da yake samu a shekara kuma yana kai wa kusan milimita 1,400, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Wannan tudun ne ya sa hadarin nan ba ya yin sallama. Yanzu sama tana tas, kafin ka gama sayen masara ta yi baƙi ƙirin, wani lokaci har da ƙanƙara. Idan aka fara tsawa kuna waje, ku shiga gini ko mota. Gindin bishiya da kan dutse su ne wuraren da za a guje wa, kuma su ne yara suka fi rugawa.

Amma fa wannan damina tana da nata alherin. Babu zafin da ke narkar da yaro, babu ƙurar hunturu, duwatsu sun yi kore shar. Mutanen Kano da Sakkwato kuɗi suke kashewa su zo shan wannan iskar da muke samu a ƙofar gida.

Ina za mu kai su a cikin gari wanda ba zai gundure su ba?

In har wuri ɗaya za ku iya zuwa a duk hutun, ni dai gidan tarihi na Jos zan zaɓa muku. An buɗe shi a 1952, kuma Bernard Fagg, Baturen da ya yi fice wajen binciken kayan tarihin Nok, shi ne ya tsaya a kan kafa shi. Gumakan yumɓun Nok da ke ciki sun haura shekara 2,000, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu daga ƙasa. Ɗan shekara huɗu ba ruwansa da lissafin shekaru, amma ku tsayar da shi gaban kan mutum-mutumin nan mai huda a ƙwayar ido da kitso a ka, ku tambaye shi, "Wa ya yi masa wannan kitson?" Za ku sha labari har ku koma gida. Akwai kuma zauren tukwane, inda aka tara tulu da randa da tukunya na ƙabilu iri-iri, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa a waje, waɗanda yara maza ba sa son rabuwa da su.

A harabar dai akwai sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina. Yaron da aka haifa a gidan bulo da kwano, wanda bai taɓa shiga soro ba, nan zai ɗaga kai ya ga bakan gizo na ƙasa a samansa. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa. A dai kula da damina, ginin ƙasa yakan jiƙe, kada a bar yara su hau katanga. Ƙaramin gidan namun daji ma yana nan kusa.

Babban gandun namun daji kuwa, wanda ke tsakanin Tudun Wada da hanyar Miango, an kafa shi a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 8. Namun ba su kai yawan na da ba, don haka kada a cika wa yara baki da alkawarin za su ga kaza da kaza. A ce musu dai za a je ganin abin da aka tarar. Tafiyar ƙasa ce mai tsawo, ɗan shekara uku zai gaji tun ba a yi rabi ba, sai a tanadi zani ko a shirya kafaɗa. Kada yaro ya miƙa hannu ko abinci cikin kejin biri, ko da ya ga wasu suna yi.

Ga masu son lilo da fili, akwai wurin shaƙatawa na Solomon Lar, mai sunan gwamnan farar hula na farko a Filato. A Naraguta kuma dukawa suna aikin fata, yaro zai ga yadda ake yanka takalmi a ɗinke shi a gabansa. Kuɗin shiga wuraren nan yana canzawa, a tambaya kafin a ɗebo yara.

Assop da Kurra da Rayfield fa? Muna ganin hotunansu suna da kyau.

Suna da kyau ƙwarai, kuma a nan ne nake so iyaye su fi sauraro.

Magangarar ruwan Assop tana kan hanyar Abuja, wajen Hawan Kibo, kimanin kilomita 60 daga Jos. A damina ruwanta yana cika ya yi ƙarfi, duwatsun gefe kuma su yi gansakuka su yi santsi. Babba ma yana zamewa. Idan za a je da ƙaramin yaro, kallo daga nesa ya wadatar, hannunsa cikin hannun babba tun daga saukowa mota har komawa. A ganina, mai yaro ƙasa da shekara biyar ya bari sai kaka, ruwa ya ja baya. Haka magangarar ruwan Kurra. Duwatsun Shere, da ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,800, na manya ne da matasa; ƙanana su tsaya a gindi su yi kallo. Tafkin Rayfield tsohon ramin kuza ne da ruwa ya cika. In za a shiga kwalekwale, kowane yaro da rigar kariya daidai jikinsa, a ɗaure ta sosai. In babu ƙarama, a fasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba waɗannan wuraren da ake biya a shiga ba ne. Haƙar kuza ta shekara da shekaru ta bar ramuka birjik a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi da kewayen Jos, kuma duk damina sai sun cika. Daga sama ruwan a kwance yake lumui, amma gefensa a tsaye yake, taku ɗaya daga baki an faɗa zurfi, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ga ruwan da sanyi. Yaran unguwa sukan ja ƙannensu zuwa wanka ko kamun kifi, kuma ba sa faɗa a gida. Duk mai kududdufi kusa da gidansa ya zaunar da yaransa, manya da ƙanana, ya yi musu magana ƙarara, ya kuma maimaita.

Kogin Dilimi da manyan magudanan cikin gari ma haka. Ana iya yin ruwa a can sama, nan ko ɗigo babu, sai kawai a ga ruwa ya taho. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje da dama.

A cikin gida ma akwai aiki. Ɗan tatata yana iya nutsewa a ruwan da bai kai taƙi ba, kuma ba a jin ihu ko fantsama. Damina kuwa lokacin tarbar ruwan sama ne, tsakar gida cike da bokiti da baho da duro. A rufe duro, a kife bahon da ba a amfani da shi, rijiya ta samu murfi mai kwaɗo.

Gaskiya ba mu da kuɗin yawo. Me za mu yi?

Ƙaramin yaro bai san farashi ba, abin da ya sani shi ne an fita da shi. Ku ɗauke shi zuwa kasuwar Farin Gada da safe ya ga buhunan kabeji da karas da koren wake ana saukewa, ku ba shi leda ya riƙe, ya zaɓi tumatir uku da kansa. Wannan ne lokacin da dankalin Bokkos da Mangu ke shigowa sabo, a sayo a dafa tare, shi ya wanke.

Ko ku tsaya wajen mai gasa masara a bakin titi da yamma bayan an ɗauke ruwa. Tana fifita garwashi da guntun kwali, tana juya masarar da yatsu, tana ƙyasƙyas tana fashewa. Ku ce ta zaɓo mai taushi saboda haƙoran yaro, ta karya biyu ta naɗe a ɓawonta don kada ta ƙona masa hannu. Ya riƙe da hannu biyu yana hurawa, hancinsa yana ɗigar sanyi. Naira nawa aka kashe? Sai dai a lura, ɗan ƙasa da shekara huɗu yana iya shaƙewa da ƙwayar gyaɗa ko gurjiya ko masara mai tauri, don haka ya ci a zaune, babba na kallo, gyaɗa kuma a murtsuke masa.

Sai zumunci. Hutu ne lokacin da yaro zai san gwaggonsa da kawunsa da 'ya'yansu ba a hoton waya ba. Kuɗin Keke Napep ne kawai.

Ranar da ruwa ya kulle mu a ɗaki fa?

Ranar tatsuniya ke nan. "Ga ta nan, ga ta nanku." In yaranku ba su san su amsa da "Ta zo mu ji ta" ba, to hutun nan ya samu aikin yi. Gizo da Ƙoƙi da Botorami ba su tsufa ba, masu ba da labarinsu ne suka yi ƙaranci. Wanda ya manta, ya kira Hajiya ko Inna a waya a sa ta a sifika, za ta ji daɗi fiye da yaran. Kacici-kacici ma haka, 'yan shekara biyar da shida suna mutuwar sonsa, kuma da sun gane salon sai su fara ƙirƙiro nasu marasa kai da gindi. A amsa musu da gaske.

Ga 'yar ɓuya a cikin ɗakuna, ga carafke ga waɗanda suka wuce sa dutse a baki, ga mota da kwalin sukari da marafan lemo, ga 'yar tsana da ƙyallen da tela ya zubar. Yumɓu kuwa damina ta kawo shi kyauta. Bayan an dawo daga gidan tarihi, a ba su su gina nasu mutum-mutumin. Kicin ma wurin wasa ne in an kawar da wuƙa da wuta: tsince wake, murza ƙullun cincin, jera cokula.

In ruwa ya tsagaita kuma babu tsawa, barin yaro ya taka ruwan tsakar gida na ɗan lokaci ba laifi ba ne, a yi masa wanka da ruwan ɗumi a sa masa busassun kaya. Ruwan kwata da na lambatu ne ba a yarda ba.

Waya ce kaɗai ke sa su zauna shiru. Laifi ne?

Ba wanda zai zargi uwar da ke girki da goyo a baya don ta miƙa wa ɗan shekara uku waya. Amma akwai ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ta kuma ce yaran wannan shekaru suna bukatar aƙalla awa uku na motsa jiki a wuni. Yaron da bai samu wannan guje-gujen ba shi ne ke hana gida barci da dare.

Abin da ya fi aiki shi ne a sa wa kallon lokaci sananne, misali bayan la'asar sa'ad da ruwa ke zuba, a kuma sauke abin da za su kalla tun da wuri maimakon a sake su a YouTube ko TikTok suna latsawa. Ban da waya a wajen cin abinci da dab da barci.

Makaranta ta ce a kawo su lesin hutu. Dole ne?

Ga ɗan nazare, ba dole ba ne. Ɗan shekara uku ko huɗu ya fi ƙaruwa da hira da wasa da waƙa fiye da kwafar baƙaƙe a benci. Ga ɗan firamare da karatu ke ba wuya, awa biyu da safe na 'yan makonni yana da amfani, musamman in malamin zai zauna da shi ya gano inda ya tsaya. Amma a kwashe hutun duka daga safe zuwa azahar ana lesin, da yamma Islamiyya, da dare aikin gida, wannan zalunci ne ga yaro ko da niyyar kirki aka yi shi.

Yawancin Islamiyyu ba sa bin hutun boko, kuma hakan ya riga ya ba yinin yaro tsari. A gida, karanta masa shafi biyu na littafin Hausa ko na Turanci kafin barci ya wadatar.

Yaya za a yi da sanyi? Yarana ba sa rabuwa da mura.

Suwaita da safa da hula da safe da dare, a kuma rage musu kaya in rana ta fito don kada su yi gumi a ciki. Kayan da ba su bushe sosai ba kada a sa wa yaro, a bi su da dutsen guga. Mura da tari na kwana biyu-uku ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ba a jira da shi shi ne numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirji yana faɗawa ciki in yaro ya ja iska, ko ya kasa shan nono ko ruwa. Wannan alamar ciwon huhu ce, asibiti za a nufa a ranar.

Kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki don ɗumama yara, kada kuma a shigar da janareta baranda ko kicin saboda ruwa. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane cikin barci.

Jos da sanyi, har da zazzaɓin cizon sauro?

Har da shi, kuma damina ce kakarsa. Kowane yaro ya kwana cikin gidan sauro mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. A zubar da ruwan da ya taru a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Idan ma'aikatan lafiya suka zo gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata, a karɓa, a kuma cika na kwana ukun, don na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsa. In jikin yaro ya yi zafi, a fara yin gwaji kafin a sayo magani a kemis. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Jijjiga, yawan barcin da ba a iya tashinsa, ko aman duk abin da ya ci, waɗannan na gaggawa ne.

Gudawa fa, tunda in an fita dole su ci na waje?

Ku fita da ruwanku a gora. Ruwan sama yana wanko ƙazanta cikin rijiyoyi, don haka a wannan lokaci a tafasa na shan yara. Abin da aka gasa ko aka soya a gabanku da zafinsa, kamar masa da ƙosai da masara, ya fi aminci a kan yankakken 'ya'yan itace da zoɓon da ba a san ruwansa ba. In gudawa ta zo, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, ORS, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ana ba shi kaɗan-kaɗan, da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. A ci gaba da nono da abinci. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nono kaɗai ya ishe shi, a gida ko a wajen yawo.

Kakarsu tana so a turo su hutu. Mu bari?

Hutu wurin kaka gata ne, kuma da yawanmu can muka koyi abin da makaranta ba ta koyar ba. Sai dai ɗan ƙasa da shekara huɗu ya fi kyau ya je tare da mahaifiyarsa. Wanda ya girmi haka, a san wa zai riƙa kula da shi da rana, da wa zai kwana, akwai rafi ko rijiya kusa ko babu. Tambayar nan ba raini ba ce ga Hajiya, kuma in aka yi ta da ladabi ba za ta ɗauke ta haka ba. A haɗa masa da gidan sauronsa. A koya masa cewa jikinsa nasa ne, duk wanda ya taɓa shi inda bai dace ba ko ya ce "kar ka faɗa wa kowa", ya faɗa, ba za a doke shi ba. In ana waya da shi, a bar shi ya yi magana da bakinsa, kada a tsaya ga "lafiyarsa ƙalau" daga manya.

Maganar tsaro fa?

Duk mazaunin Jos ya san garin yana da ranakun da ba a nisa da gida. Kafin fita, musamman bayan gari ta wajen Riyom ko Barikin Ladi ko Bassa, a saurari rediyo, a tambayi wanda ke can. A je da rana a dawo da rana. In an sa dokar hana fita, a bi. Yaron da ya iya magana a haddace masa cikakken sunan babansa da unguwarsu, wanda ya kai shekara biyar ko shida har da lambar waya. A wurin cunkoso kamar Terminus, a saka takarda mai lambar a aljihunsa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Maigida ba ya samun lokaci, komai a kaina yake. Me zan ce masa?

Wannan amsar taku ce, iyaye maza. Makaranta ce ke ɗauke wa uwa yara rabin yini, yanzu kuma ta rufe, aikin gida bai ragu ba, wanki ma ba ya bushewa. Ba sai kun ɗauki hutu daga ofis ko kun rufe shago ba. Safiyar Asabar ɗaya a mako, ku kwashi waɗanda suka iya tafiya ku fita da su awa biyu ko uku, ko da zagayen unguwa ne da tsayawa wajen mai shayi, ita kuma ta samu ta yi barci. Ranar Juma'a a tafi masallaci da wanda ya isa zama a sahu. Mai shago yana iya zaunar da ɗan shekara shida kusa da shi na awa ɗaya ya riƙa miƙo leda. Ke kuma, Maman yara, ki faɗa masa rana da lokaci takamaimai. "Ran Asabar ƙarfe tara za ka kai su ganin jirgin ƙasa, na riga na gaya musu" ya fi saurin shiga kunne a kan "ka riƙa taimaka mini", kuma da yaran sun ji, su za su tashe shi tun da asuba.